Ranar da Kwari Ya Ɗaga Shuɗin Jirgi

Ranar Talata ce, cikin watannin sanyi. Gari ya waye tas a Maiha, lungunmu na bakin teku, babu iskar da za ta kaɗa gemun bunsuru, teku kuma a kwance kamar mai a faranti. Can a kan duwatsun bayan gari ne kawai wani baƙin hadari ya naɗe ƙafa ya zauna. Ba wanda ya ɗaga kai ya kalle shi. Hadarin duwatsu ya sha yi mana alkawari yana saɓawa.

Ni ina kan Kujera, ɗan dakalin dutsen nan da ke maƙale a jikin bangon dutsen da ya tsare lungun ta hagu, can sama, inda mai duban kifi yake zama. Aikinsa ɗaya ne: ya zuba wa ruwa ido, in garken kifi ya shigo ya ƙwala kira. Kaka Hamis ne ya riƙe wurin tun kafin a haife ni, har yanar ido ta rufe masa gani. Da aka rasa wanda zai gaje shi sai Baba ya ɗora ni, kuma da gangan ya yi.

Dalili kuwa, ni ba na iya zama wuri ɗaya. Makarantar birnin Hasab ma tagar ajinmu ce ta kore ni, don tashar jiragen ruwa take kallo. Na yi wankin motoci na bari, na yi kafinta na bari, na dawo gida ina zagaye gari kamar akuyar da aka ɗaure da gajeriyar igiya. Abu ɗaya nake so a duniya, tsohon shuɗin jirgin Baba. Tunda ya sayi sabo, shuɗin yana nan kwance a gaɓa, ni kuma ina mafarkin in tuƙa shi in fice ta Ƙofa, wato bakin lungunmu, in riƙa jigilar kifi da kaya daga wannan lungu zuwa wancan, in ci abinci inda yunwa ta same ni.

"To, ga shaidu," in ji Baba wata rana ana shan gahawa a gindin magarya. "Ka hau Kujera. Ka ga kifi da idonka, ka kira mu. Mu cika shuɗin jirgi, a kai kifin kasuwar Hasab bai lalace ba. Ranar da aka yi haka, jirgi naka ne."

Gwaggo Muza, yayar Baba wadda ta raine ni, ta yi dariya har sai da ta ajiye buta.

"Wa? Suhail? Haba Ubaidu, ka ji tsoron Allah. Yaron da ko a cikin uwarsa bai iya cika wata tara ba?"

"Zan zauna, Gwaggo."

"Za ka zauna. Ni ma gobe zan yi fiffike."

Na zauna. Gindina ya mutu ya farfaɗo ya sake mutuwa, na zauna. Kuma daga can ne na fara ganin garinmu yadda yake. Lungun kamar tulu ne aka kwantar: ciki mai faɗi, wuya siriri, wuyan shi ne Ƙofa. Bangaye biyu na farin dutse sun tsare shi, masu hawa-hawa kamar an jera gurasa sannan wani ƙato ya zauna a kai ta lanƙwashe. Iskar arewa tana iya haukacewa a waje, mu a ciki ko ashana ba ta mutuwa. A jikin dutsen da nake jingina akwai katantanwa da ƙananan kumba, su ma sun zama dutse, a wurin da ko tsuntsu sai ya huta kafin ya kai. Malaminmu ya taɓa cewa duk duwatsun nan ƙasan teku ne a da, kuma yanzu suna komawa a hankali. Ban tsaya jin ƙarshen bayanin ba. Amma harsashin gidan kakan Baba yana nan cikin ruwa kusa da masallaci, ƙaguwa tana shiga ɗakin girki tana fita abinta.

Abin da ya fi ɗaukar mini hankali shi ne kwarin. Busasshen kwarin da ke saukowa daga duwatsu ya raba gari biyu, wanda mata ke shanya kifi a kan tsakuwarsa don nan ne kaɗai shimfiɗaɗɗen wuri, ashe bai ƙare a bakin ruwa ba. Daga sama kana ganinsa ya ci gaba a ƙarƙashin teku, baƙi, yana murɗawa kamar maciji har Ƙofa. Lungun gaba ɗaya kwari ne da teku ya shigo ya mamaye. A Ƙofa kuma wani haƙarƙarin dutse ya gitta daga bango zuwa bango, muna ce masa Dokin Ƙofa. In teku ya cika, jirgi ya wuce ta kansa lafiya. In ya janye, sai dai ta ɗan giɓin da tsohon kwarin ya ci a tsakiya, shi ma da lallaɓawa.

Da hantsin wannan Talatar na hango dolfin, dabbobin tekun nan masu farautar kifi, a waje suna tsalle, suna kora. Sai ruwan Ƙofa ya yi duhu irin na inuwar gajimare, alhali saman lungun tas take. Inuwar ta miƙe, ta matse, ta fara kwarara ciki. Ƙananan kifi ne a gaba suna gudun ransu, a bayansu kuma kifayen da ake kira tuna, manya-manya, garke guda da bai da ƙarshe.

Kaka Hamis ya gaya mini tun ranar farko: "Kada ka buɗe baki sai wutsiyar garke ta haye Dokin Ƙofa. In ka yi kira da wuri, ƙarar jirage za ta mayar da su waje, kai kuma ka sauko ka sha duka." Don haka na cusa bakin rawanina a baki na cije. Suna shigowa, suna shigowa, na ce yau kifin duniya duka ya yi ƙaura. Hawaye har ya zubo mini don riƙe ihu. Sai da na ga farin yashi ya sake bayyana a bayansu, sannan na tofar da rawanin.

"Kifi! Kifi ya shigo! A rufe Ƙofa!"

Bangon dama ya cafe muryar ya jefa wa na hagu, na hagu ya mayar, har sai ka ce Suhail goma ne ke ihu. Garin ya fashe. Liman ya fito a guje da bakin jallabiya a haƙora. Darwish, ɗan baffana, ana cikin yi masa aski, ya tashi da rabin kai fari rabi baƙi ya faɗa jirgi. Ni kuwa ban sauko da ƙafa ba, da gindi na sauko, ina ihu tun daga sama har ƙasa.

Jirage biyu suka ja babban taru suka toshe wuyan tulun, sauran suka kewaye. Muka kama igiya, maza da mata da yara, muna ja muna waƙa, waƙar tana lalacewa don dariya. Da tarun ya iso gaɓa ruwa ya tafasa. Tuna suna dukan juna, suna watsa mana ruwa a fuska, wani ya maki Liman a gwiwa ya zaunar da shi. Kaka Hamis ya shigo ruwa har ƙugu yana lalube.

"Ku gaya mini mana, 'ya'yan banza! Da yawa ne?"

Na kama hannunsa na ɗora a bayan wani ƙato. Ya shafa, ya shafa, sannan ya lalubo kunnena ya murɗe.

"Ka jira wutsiyar?"

"Na jira, Kaka."

"Ƙarya kake. Barci ne ya ɗauke ka, Allah ya taimake ka."

Gwaggo Muza tana tsaye a kan dutse tana rangaɗa guɗa. "Ni na raine shi! Ni na ce zai zauna! Wa ya ce ba zai zauna ba?"

"Ke kika ce, Gwaggo," in ji Darwish.

"Rufe mini baki, mai rabin kai."

Mata suka kwashe ƙananan kifin da kwanduna suka baza a tsakuwar kwari, tun daga bakin ruwa har gindin magarya, wurin ya riƙa walƙiya kamar an shimfiɗa azurfa. Awaki suna sata, yara suna kora. Mu kuma muka turo shuɗin jirgi muka fara lodi. Baba ya ce ya isa haka. Wani ya ce a ƙara ɗaya na albarka. Wani ya ce ai nasa bai shiga ba. Liman da kansa ya rungumo wanda ya make shi ya ce wannan dole ya je Hasab ya ga hukunci. Baba, wanda ban taɓa ganin haƙoransa na ciki ba sai ranar, yana ta dariya yana cewa, "Ku zuba, ku zuba, jirgin nan ya ɗauki abin da ya fi haka." Kafin a gama, tsakanin bakin jirgi da ruwa bai wuce tafin hannu ba.

Da mun tashi a lokacin, da ba ni da labarin bayarwa. Amma a Maiha ba a fita da kamu sai an raba. Na farko na tsohon mai duban kifi ne. Sannan kowane gida da rabonsa, har gidajen da masu su suka yi tafiya, a rataye musu a ƙofa. Sannan ba mai tafiya sai ya ci daga cikin kamun. Gwaggo ta hura wuta, ta gasa, ta kawo shinkafa da dabino da gahawa. Ni ina ci ina leƙen matakalar masallaci, inda ake gane tsayin ruwa. Jiƙaƙƙen wuri yana ta ƙaruwa a sama.

"Baba, teku yana janyewa."

"Na haye Dokin nan tun kana goye. Ci abinci."

"Baba, jirgin ya yi nauyi."

"Ubaidu, ɗanka ya fara," in ji Gwaggo. "Zaman nasa ya ƙare. Ungo, sha wani kofin."

Da muka tashi, mu uku ne: Baba a inji, Darwish a tsakiya a kan kifi, ni a goshin jirgi ina nuna hanya. Duk gari yana ɗaga mana hannu. Baba ya saita giɓin daidai, babu kuskure ko kaɗan. Sai muka ji ƙarrr daga ƙasa, jirgi ya ɗan ɗaga goshi, ya zauna daram kamar kaza a kan ƙwai.

Muka tura da gora, bai motsa ba. Muka sauka muka sa kafaɗa, bai motsa ba. Teku kuwa yana ci gaba da sulalewa. Rana ta take a tsakiyar ka, ba mu da ƙanƙara. In muka jira cikar teku, masu motocin ƙanƙara da ke sayen kifi sun bar Hasab, kifin kuma ya dahu a inda yake. Na kalli teku a waje, shuɗi, buɗaɗɗe, ga shi nan kamar in miƙa hannu in taɓa.

"Sai an rage," in ji Baba. Dariyar ta tafi. Ya ɗauki ƙato ɗaya ya jefa. Ya ɗauki na biyu.

"Wannan na Liman ne fa," in ji Darwish.

Ya jefa shi. Kowane tsulum sai in ji kamar haƙori ake cire mini. In aka rage har jirgi ya tashi, abin da zai saura ba za a kira shi cikakken jirgi ba, kuma Baba ba ya gyara magana in ya faɗa gaban shaidu.

Sai wata iska mai sanyi ta bugo ni a ƙeya. Daga cikin gari ta fito, ta inda iska ba ta fitowa, kuma ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa take yi. Na waiga. Awakin garin duka sun bar satar kifi, sun jeru suna hawa bango. Hadarin nan kuwa, tun ina kan Kujera na gan shi ya saki baƙin labule a kan duwatsu, murnar kifi ce ta mantar da ni.

Na riƙe hannun Baba da kifi a ciki. "Baba, daina. An yi ruwa a duwatsu, ruwan kwari yana zuwa."

Ya shaƙi iskar. Fuskarsa ta sauya, ya juya wajen gari, inda mata da yara ke durƙushe a tsakiyar tsakuwa suna jera kifi. Nesa ta yi yawa ga muryarsa. Tawa kuwa ta san hanya. Na hau goshin jirgi na saita bakina da bangon dama.

"Kwari! Kwari! Ku hau sama!"

Bangayen suka yi aikinsu. Muka ga mutane sun watse kamar an jefa dutse cikin tururuwa. Samari biyu suka ciccibi Kaka Hamis yana zaginsu. Gwaggo tana gudu da yaro a kowace hammata, tana waigen tukunyarta.

"Baba," na ce, "ruwan nan ba shi da wata hanyar fita sai nan. Tsohuwar hanyarsa zai bi, ta ƙarƙashinmu ta wuce. Wuyan ya yi masa kaɗan, dole ya taru. Zai ɗaga mu."

"Ko ya kifar da mu."

"In mun ba shi gefe. Mu miƙe goshi, mu ba shi baya."

Ya kalle ni, ya kalli kifin da ke hannunsa, ya mayar da shi cikin jirgi. Ya ɗaga inji sama don kada dutse ya karya farfela. Ni da Darwish muka faɗa ruwa, muka murɗa jirgin har goshinsa ya kalli tsakiyar Ƙofa, muka riƙe.

Ƙarar ce ta fara zuwa, kamar manyan motoci suna juye duwatsu. Sannan ruwan ya ɓullo ta tsakiyar gari, ja wur, ya share azurfar nan tas da shara ɗaya, ya faɗa cikin shuɗin lungun. Bai bazu ba. Ya bi macijin nan da na sha kallo daga sama, lanƙwasa bayan lanƙwasa, ya miƙo kanmu. Sanyi ya kama mini gwiwa, ya hau cinya, ya kai ƙugu. Darwish ya lashi leɓe.

"Suhail! Wallahi ruwan sha ne!"

"Riƙe jirgi, mahaukaci!"

Jirgin ya yi nishi. Ya ɗan motsa. Ya ja ciki a kan dutse, ƙarrr, sannan na ji ya yi sako-sako a hannuna kamar ba kifi a ciki.

"Ku hau!" in ji Baba.

Na faɗa ciki da ciki. Darwish ya kamo gefe, ruwan kuma ya kamo zanen da ya ɗaura a ƙugu, aka yi ja-in-ja, kowa ya tafi da rabonsa. Jirgi ya zabura. Baba ya yi baya ya faɗa kan tuna, ƙafafu a sama, rawani ya tashi ya bi ruwa. Bangon hagu ya taso mana gadan-gadan. Na tsallake Baba, na sauke inji, na fizgi igiya. Ya ƙi. Na sake fizga, ya kama. Na danna hannun injin gefe guda, muka goge bangon har ina ganin katantanwar jikinsa ɗaya-ɗaya. Kututturen dabino ya wuce mu ta dama. Ƙyauren wani banɗaki ya wuce ta hagu. Ina ihu, Darwish yana ihu tsirara, Baba yana salati yana neman abin kamawa, duk abin da ya kama kuma wutsiyar kifi ce.

Sai bangayen suka ƙare. Lungun ya tofo mu waje kamar ƙwallon dabino.

Igiyar teku ta ɗaga mu ta sauke a hankali. Muka waiga. Ta cikin Ƙofa muna hango mutane a jere a kan gangaren gidaje, wani yana kaɗa farin ƙyalle sama da ƙasa, alamar kowa lafiya. Baba ya daɗe yana kallon ƙyallen. Sannan ya kalli Darwish, rabin kai a aske, ya rufe gabansa da kifi. Dariya ta ƙwace masa, irin wadda ba ta da sauti, sai kafaɗu da hawaye. Muka kama mu ma. Na yi dariya har jirgi ya fara zagaye a wuri ɗaya.

Da na dawo hayyacina na matsa gefe. "Baba, ga inji."

Bai tashi daga kan kifin ba. Ya gyara zama, ya miƙe ƙafa. "Ina kake kallo? Hasab tana can. Kuma ka tuƙa a hankali, ka ɗauko dattijo."

Mun tarar da masu motocin ƙanƙara ba su tashi ba. Ruwan kwarin da ya fantsamo cikin jirgi ya sanyaya kifin, wani ɗan kasuwa ya danna yatsa a bayan ɗaya, naman ya dawo tsaf. Darwish yana zaune cikin buhu, ya ƙi sauka. Ɗan kasuwar ya nufi Baba zai fara ciniki, Baba ya nuna ni da haɓa.

"Yi magana da mai jirgi."

Washegari aka zauna a gindin magarya, wadda laka ta kai mata gwiwa, aka lissafa abin da kwari ya tafi da shi. Ƙananan kifin da aka shanya, duka. Taru ɗaya. Kwanduna goma sha huɗu. Itatuwan dabino biyu daga gonar Liman. Ƙyauren banɗakin gidan su Darwish, da zanensa. Babbar tukunyar Gwaggo da butar gahawa. Akuya ɗaya, gurguwa, da ba ta kai bango ba. Tuna tara da Baba ya jefar kafin in riƙe masa hannu. Rawanin Baba, da jirginsa ɗaya, shuɗin.